Wata Biyar Da Kamfanin Jinya A Gida: Abin Da Ma'ajin Gidauniya Ya Gani

Ni aka ɗora wa riƙon kuɗin gidauniyar da mutanen layinmu suka kafa a Badarawa da ke Kaduna, a lokacin da likitoci suka tabbatar da cewa ɗan maƙwabcinmu, saurayi ɗan shekara 24 wanda bai fi wata uku da kammala hidimar ƙasa ba, yana ɗauke da kansar ƙwaƙwalwa. Saboda haka duk nairar da ta shiga aljihun kamfanin jinya a gida da muka ɗauka ta hannuna ta bi, kuma rasidan da suka ba ni na wata biyar suna nan a ɗaure da roba a cikin akwatina. Tun bayan rasuwar yaron mutane suke tsare ni a ƙofar masallaci ko su kira ni a waya suna tambaya ko irin wannan hidima ta cancanci kuɗinta, har na ga ya fi dacewa in ba da amsa ɗaya cikakkiya a rubuce. Zan sakaya sunan kamfanin, domin a cikin bayanina akwai yabo akwai ƙorafi, kuma ma'aikatan da suka yi mana halacci har yau a can suke cin abinci.

Ciwon ya faro ne da ciwon kai mai tashinsa daga barci tun kafin asuba, sai amai, sai ya riƙa cewa abu ɗaya yana zame masa biyu a ido. Sau uku ana sayo masa maganin zazzaɓin cizon sauro da na taifot. Ranar da ya yanke jiki ya faɗi a sahu na biyu ana tsakiyar sallar Magariba yana jijjiga, rabin masallacin ya yanke hukuncin cewa iska ce, kuma an kwashe mako biyu ana ruƙiya da turare kafin wani ƙanin mahaifiyarsa ya matsa a kai shi a ɗauki hoton kansa. Hoton MRI ya nuna ƙari a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, aka tura shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, aka yi masa tiyata, aka aika abin da aka ciro ɗakin gwaji. Sakamakon ya dawo da sunan da babu wanda ya taɓa ji a layinmu, giliyobilastoma, wadda ke mataki na 4, mafi tsanani a rabe-raben da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi wa ƙarin ƙwaƙwalwa. Hanyar maganinta da likitoci suke bi tun 2005 ita ce tiyata, sannan gashi, wato ƙona ƙarin da hasken na'ura, sau 30 a cikin mako shida tare da ƙwayar temozolomide, sannan a ci gaba da ƙwayar kwana biyar a cikin kowane kwana 28 har zagaye shida, kuma binciken da ya kafa wannan hanya ya nuna cewa rabin waɗanda suka bi ta ba su kai wata 15 a raye ba. Likitan bai ɓoye wa mahaifin yaron wannan ba. Shi kuwa mahaifin, tsohon malamin firamare mai cin fansho, bai faɗa wa kowa ba sai liman da ni.

Saurayi mai irin shekarunsa, wajen samun tallafin magani, ba ya nan ba ya can. Inshorar lafiyar ma'aikata tana ɗaukar 'ya'ya ne 'yan ƙasa da shekara 18, shi kuwa ya wuce nan, bai kuma sami aikin da zai ba shi katinsa na kansa ba. Asusun da gwamnatin tarayya ta buɗe a 2021 domin tallafa wa marasa galihu masu kansa, wanda Shika tana cikin asibitoci shida da aka fara da su, an tsara shi ne domin kansar mama da ta bakin mahaifa da ta furostet, wato ƙullutun da ke ƙasan mafitsarar maza. Ga shi tun da darajar naira ta faɗi a 2023 duk maganin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tashin gwauron zabi. Abin da ya rage shi ne unguwa, kuma unguwa ba ta ba mu kunya ba. Liman ya yi sanarwa bayan sallar Juma'a aka zagaya da faranti. Matan layi suka sallama kwasar adashinsu ta wata biyu. Masu Keke Napep na bakin mararraba suka haɗa cinikin yini ɗaya. Tsofaffin abokan karatunsa na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, Musulminsu da Kiristansu, wasu daga Kawo wasu daga Barnawa da Sabon Tasha, suka buɗe zaure a WhatsApp suna turo abin da ya sawwaƙa. Kwamiti ya kafa ƙa'ida uku tun ranar farko: kuɗi ba ya fita sai da sa hannun mutum biyu, ana karanta lissafi duk daren Lahadi bayan Isha'i, kuma ba za a saka hoton yaron da bandeji a ka a Facebook ba ko da hakan zai ninka abin da ake samu, domin mahaifinsa ya roƙi a rufa masa asiri.

Da wannan kuɗi aka biya tiyata, aka biya gashi a Abuja da kuɗin jirgin ƙasa daga Rigasa da hayar ɗaki na mako shida, aka sayi ƙwayar zagaye huɗu. Amma ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Mutum yana saurin buɗe aljihu idan aka ce masa ranar kaza za a yi aiki kuma ana neman kaza, domin abin yana da rana yana da adadi. Jinyar da ke biyo baya kuwa ba ta da ko ɗaya daga cikinsu. Bayan zagaye na huɗu ƙarin ya dawo, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi, likitoci suka ce abin da ya rage shi ne a kula da shi a gida a sauƙaƙa masa wahala. A wannan gaɓa ce kwamiti ya aike ni neman masu jinya.

Ofishin kamfanin ɗaki biyu ne a wani bene a Unguwar Rimi, da manaja mai fara'a da takardar farashi a manne a bango. Nas ta rana, daga ƙarfe 8 na safe zuwa 6 na yamma, naira 12,000. Ta dare naira 15,000. Hayar gadon asibiti mai ɗaga kai tare da katifar iska naira 40,000 a wata. An kuma rubuta cewa suna da likita da motar ɗaukar mara lafiya a kowane lokaci, kuma zan dawo kan wannan alkawari. Mun ɗauki dare da rana a watan farko, wato naira 850,000, kuɗin da ya sa na kwana ina juyi a kan shimfiɗa.

Wadda suka fara aiko mana dattijuwa ce da ta yi ritaya daga asibitin gwamnati, 'yar Kudancin Kaduna mazauniyar Narayi, wadda ke hawa abin hawa uku kullum ta haye gada kafin ta iso mana, kuma kowa a layin Sista yake ce mata. Ranar da ta iso ta tarar da mutum goma sha ɗaya a ɗakin da bai fi taku biyar ba, taga a rufe, kuloli na tuwo da farfesu a jere a jikin bango ba wanda ya taɓa su, ga kwalaben rubutu da zuma da man habbatus sauda da wasu saiwoyi a ƙulle a leda, kowanne da wanda ya kawo shi da labarin wani da ya sha ya miƙe. Ta gaishe da kowa a ladabce, sannan ta durƙusa kusa da mahaifin ta ce, "Baba, ku gafarce ni, ɗakin nan mutum biyu yake ɗauka bayan mara lafiya. Amma kada kowa ya tafi gida, ina da aikin da zan ba kowa." Ta sa aka sayo mata littafin rubutu na 'yan makaranta, ta zauna a zaure ta ja layuka.

Idan aka tambaye ni abin da kuɗinmu ya saya, wannan littafi zan fara nunawa. Kafin zuwanta, taimakon da muke bayarwa dubiya ce: a cika ɗaki, a yi sannu, a ba da shawara, a ajiye kula, a tafi, a bar uwa da ƙannensa mata biyu da wankin kwanuka da aikin da ya fi ƙarfinsu. Sista ta mayar da dubiya aiki mai lokaci. Samarin layi, biyu-biyu, aka rubuta musu sa'o'in juya shi daga wannan ɓari zuwa wancan duk bayan awa biyu, ta koya musu yadda ake ɗaga mutum da zanin gado ba tare da an ja shi fata ta goge ba, da yadda ake saka matashi a tsakanin gwiwoyi da ƙarƙashin ƙwauri domin diddige ya tashi daga katifa, da wuraren da za a duba kullum ko sun yi ja: ƙugu, gindin baya, diddige, da bayan kunne. Matan da ke kawo abinci aka raba musu ranaku, gida ɗaya a yini, aka kuma faɗa musu abin da ake so, wato kunun gyaɗa da fate mai laushi, daga baya kuma da aka saka masa robar abinci ta hanci sai abin da aka markaɗa aka tace. Wani mai keke ya ɗauki nauyin sayo magani. A wata biyar da yaron ya yi a kwance bai yi gyambon kwanciya ba, sai wani ɗan ja da ya taɓa fitowa a ƙugunsa na dama ya ɓace cikin kwana uku, kuma duk wanda ya taɓa jinyar mai shanyewar jiki ya san girman wannan magana.

Dabarar da ta yi game da magungunan gargajiya ta burge ni ƙwarai, domin na zaci za a yi rigima. Ba ta kushe wa kowa abinsa ba. Cewa ta yi addu'a da tofi da shafa zamzam a goshi babu mai hana su, a yi dare da rana, amma duk abin da zai bi ta maƙogwaro sai ya bi ta hannunta tukuna, domin haɗiyarsa ta raunana, kuma ruwan da ya kauce hanya ya shiga huhu shi ke jawo ciwon nimoniya. Dattawan da za su iya yin fushi idan aka ce musu rubutu ba ya magani sun karɓi wannan hujja ba gardama. Haka ta yi da lemon kwalba da na gwangwani da masu dubiya ke jibgewa. Yaron yana shan dexamethasone domin rage kumburin ƙwaƙwalwa, kuma maganin ya cika masa fuska har mutane suna fitowa suna cewa ai ya murmure, ya yi ƙiba. Ta yi mana bayanin cewa wannan cikar ta magani ce, kuma shi maganin yana hawar da suga ko ga wanda bai taɓa ciwon suga ba, sannan ba a tsayar da shi rana ɗaya sai dai likita ya riƙa rage shi sannu a hankali. Ta sa muka sayi ɗan na'urar awon suga, kuma awon farko ya nuna ta yi gaskiya. Daga ranar aka riƙa kai lemon shagon kan kwana ana musanya shi da famfas ɗin manya da safar hannu.

Akwai wata rana da ba zan manta ba, a mako na uku, bayan La'asar. Jijjiga ta kama shi ina zaune a bakin ƙofa, idanunsa suka juye, haƙoransa suka datse. Wata goggonsa ta zaburo da cokali za ta cusa masa a baki kamar yadda muka taso muka ga ana yi, wasu kuma suka ja da baya suna kare yara saboda tsohuwar maganar nan cewa ana ɗaukar farfaɗiya ta yawu. Sista ta riƙe hannun goggon ba tare da ɗaga murya ba ta ce, "Goggo, ajiye, ba zai haɗiye harshensa ba, cokalin ne zai karya masa haƙori." Ta juya shi ya kwanta a kan ɓarinsa, ta sassauta wuyan rigarsa, ta ce mini, "Malam, duba agogonka." Minti biyu da 'yan daƙiƙu abin ya lafa. Ta goge yawun da hannunta a gaban kowa, da gangan nake zato, sannan ta tara samarin da ke kan jadawali ta maimaita musu: a kwantar da shi a gefe, kada a saka komai a baki, kada a danne shi, a duba lokaci, idan ta wuce minti biyar ko ta dawo bai farfaɗo ba a nufi asibiti. Ta kuma binciko cewa an tsallake masa ƙwayar hana jijjiga, levetiracetam, ta safe kwana biyu a jere saboda ta ƙare kuma gidan sun ji nauyin sake zuwa wurina. Laifin nan nawa ne a matsayina na ma'aji, domin na bar mutane masu kunya suna roƙon abin da yake haƙƙinsu. Daga ranar nake sayen maganin wata guda a dunƙule in kai da kaina.

Ta san mutanenmu ciki da bai. Yaron ɗan fari ne, kuma mahaifiyarsa, bisa alkunyar da aka san matan Hausawa da ita, ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kuma zama kusa da shi a gaban mutane. Da maganarsa ta ɗauke, wani matashin nas da ya zo canji ya matsa mata ta kira sunansa da ƙarfi domin a ga ko yana ji, ta sunkuyar da kai ta fice. Washegari Sista ta fitar da kowa, ni ma ina jin su ne ta bayan labule, ta ce, "Mama, ki kira shi yadda kike kiransa idan ku biyu ne." Aka yi shiru mai tsawo, sannan uwar ta ce, "Babana," domin sunan mahaifinta yake ɗauke da shi. Sista ta ce ya matse mata yatsu da hannunsa na hagu. Tun daga ranar aka ware awa ɗaya bayan Azahar a cikin littafin, aka rubuta a gabanta cewa babu mai shiga.

Batun morfin, maganin kashe zafin ciwo mai ƙarfi, ma ita ta warware shi. Da ciwon kan ya tsananta a wata na uku likitansa ya rubuta masa morfin na sha, mahaifin ya ƙi sam, ya ce ba zai mayar da ɗansa ɗan ƙwaya a ƙarshen rayuwarsa ba. Ba na ganin laifinsa, domin duk wanda ya ga abin da kodin da taramol suka yi wa samarin Arewa, har gwamnati ta hana haɗa maganin tari mai kodin a 2018, dole ya ji tsoro. Sista ta kwashe yini biyu tana lallashinsa, ta nuna masa cewa ana auna shi ne da sirinji a bayar duk bayan awa huɗu bisa rubutun likita, ana rubuta kowane awo a littafi, ana haɗa shi da maganin sassauta ciki domin yana ɗaure bayan gida, kuma kwalbar tana kulle a wurin mutum ɗaya. A daren da aka fara ba shi, maƙwabtan da ke jin nishinsa ta katanga suka yi barci.

Wannan duk aikin mutum ɗaya ne da wani nas namiji guda mai haƙuri da ke zuwa yi masa wanka da canja robar fitsari. Shi kansa kamfanin labarinsa daban ne, kuma a nan ƙorafina yake.

Na farko, nas maza biyu kawai gare su a duk faɗin garin, alhali sun san cewa saurayi baligi a gidan Bahaushe ba zai so mace ta tsiraita shi ba, iyayensa ma ba za su so ba. Ba su gaya mini haka ba a ranar da na biya kuɗi. Sau da yawa wankan safe yana kaiwa Azahar ana jiran namijin ya gama da wani gida a Malali, har sai da abokansa biyu suka koyi aikin suka ɗauke shi. Na biyu, ma'aikatan dare ba su da tabbas. A watan farko fuskoki shida muka gani, kowanne sai an sake yi masa bayani daga tushe, ɗaya kuma na same shi ƙarfe biyu na dare yana sharar barci a kan dadduma an wuce lokacin juyi da awa guda. Da na nemi ganin lasisin kowannensu na Majalisar Kula da Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Najeriya, sai ya bayyana cewa biyu daga cikinsu mataimaka ne kawai, amma farashin cikakken nas ake rubuta mana. A daren jajiberin Babbar Sallah wanda ke kan aiki bai zo ba, wayarsa a kashe, layin ofis yana ta ringi ba mai ɗauka, kuma a ƙarshen wata sai ga wannan dare a cikin lissafi. Manajan ya ba da haƙuri ya cire shi, amma sai da na hau benen nan sau biyu da littafin Sista a hannuna, inda shafin daren yake ɗauke da sa hannun samarin layi kaɗai.

Kayan aiki kuma, wato safar hannu da auduga da famfas da sirinji, suna kawo su ne a kan kusan ninkin abin da na same su a Kasuwar Sheikh Gumi. Likitan da aka rubuta a bango sau biyu muka gan shi, kowane zuwa da kuɗinsa daban wanda ba ya cikin takardar farashi. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne motar. Ranar da za mu mayar da shi Shika domin a duba shi, tafiyar kilomita tamanin da ɗoriya, suka aiko da wata bas da aka cire wa kujeru aka saka gado, a kan naira 60,000, kuma da Sista ta murɗa tukunyar iskar oksijin tun a ƙofar gida sai allurar ta ƙi motsi. Ta ƙi yarda a ɗora shi sai da aka je aka sauya tukunyar, muka rasa awa biyu, muka isa ana dab da tashi daga ganin marasa lafiya. Da ita ba ta nan, babu ɗayanmu da zai san ana duba wannan allura.

Katifar iskar tasu tana da kyau, amma ba su faɗa mana cewa injinta da wuta yake aiki ba dare ba rana, kuma idan aka ɗauke wuta na sa'o'i takan sace a hankali har mara lafiya ya koma kwance a kan ƙarfen gado. Mai shagon cajin waya na layinmu ne ya cece mu, ya jawo waya daga batirin solarsa ta kan katanga, kuma bai karɓi ko kwabo ba har ƙarshe.

Da gudummawa ta fara ja baya, kwamiti ya zauna muka yi wa lissafin tiyata. A wata na biyu muka soke ma'aikacin dare gaba ɗaya, samari takwas da Sista ta horar suka raba dararen mako a tsakaninsu, kuɗin ya sauko zuwa naira 400,000. A wata na uku da na huɗu muka mayar da zuwanta kwana uku a mako, muka tsaya a ƙasa da naira 200,000, muna sayen kayan aikinmu da kanmu. Sai a makonni uku na ƙarshe muka dawo da ita kullum. A gaskiya ban ga jinyar ta ragu ba bayan soke na dare, sai ma ƙaruwa da ta yi, domin wanda ya yi ƙwallo da mara lafiya tun suna yara ba ya barci a kan lokacin juyinsa. Da na san haka tun farko da naira 450,000 ta watan farko ta zauna a asusu, kuma da ba mu kai ga sayar da keken ɗinkin mahaifiyarsa ba, abin da har yanzu yake ci mini rai.

Ga wanda ke shirin ɗaukar irin wannan kamfani, shawarata ita ce ya nemi tsohuwar nas guda ɗaya mai lasisi, ya sa a rubuta sunanta a cikin yarjejeniya domin kada a riƙa sauya masa fuska, ya tambayi adadin ma'aikata maza idan mara lafiyarsa namiji ne, ya sa a rubuta cewa ranar da ba a zo ba ba a biya, ya kuma sayi kayan aikinsa da kansa. Aikin Sista da na nas ɗin nan namiji mai haƙuri ya cancanci fiye da abin da muka biya, kuma na ji daga baya cewa abin da ke isa gare su bai kai rabinsa ba. Ofishin kuwa yana buƙatar wanda zai tsaya masa a kai da biro da takarda, kuma gidan da ke cikin tashin hankali ba shi da wannan nutsuwa, shi ya sa ya kamata kwamitin unguwa ya ware mutum ɗaya domin wannan aiki kaɗai.

Ya rasu ne wata Laraba da asuba, abokinsa na makaranta yana riƙe da hannunsa, mahaifinsa yana laƙƙana masa kalmar shahada. Allah ya jiƙansa. Sista ta haye gada ta zo ta'aziyya da mayafi a kanta, ta yini a ɗakin uwar. Motar kamfanin kuma ta zo ɗaukar gado a rana ta biyu ta zaman makoki, mutane cike da ƙofar gida, sai da liman ya fita ya roƙe su su dawo bayan kwana uku.

Da aka karanta lissafin ƙarshe an sami ragowar da ba ta taka kara ta karya ba, mahaifin kuma ya ƙi karɓa. Kwamiti ya ƙara a kai aka sayi katifar iska da keken guragu aka ajiye a ɗakin ajiyar masallaci tare da littafin jadawalin. A makon jiya wani gida a layin bayanmu, waɗanda tsohonsu ya gamu da shanyewar ɓarin jiki, suka aiko a ba su aro. Na ba su katifar, na kira musu Sista, huɗu daga cikin samarinmu kuma suka bi ɗan aiken domin su nuna wa 'ya'yan gidan yadda ake riƙe zanin gado.